Maɗaurin Tsintsiya

Ƙarfe biyar na asuba a Valparaíso,
teku na tari kamar tsoho mai ciwon ƙirji.
Ni Hortensia, ina hawa matakalar dutsen nan
da tsintsiyar hukuma a kafaɗa.
Mataki ɗari da sittin da biyu, shekara ashirin da shida.
Gwiwata ta fi ni riƙe lissafin.

Daren jiya ɗana Fabián ya jingine kekensa a ƙofa,
jakar kai abinci na goye a bayansa,
ya ɗauki takardar albashina
ya ɗora yatsa inda ake yanke kuɗin ƙungiya.
"Mama, wannan kuɗin kifin mako ne.
Me suka tsinana miki?
Anselmo ya yi tumbi, ya yi mota,
ke kina nan da takalmi mai shan ruwa."

Ban musa ba.
Gaskiya ko daga bakin ɗanka ta fito, gaskiya ce.
Na san Anselmo tun yana tura baro tare da mu,
yanzu tafin hannunsa kamar burodin safe.
Kuma ban manta yajin aikin bara waccan ba.
Kwana goma sha ɗaya shara ta toshe lungu,
karnuka suka yi wasoso,
magajin gari na can inda iska ba ta kai wari.
Wadda ta sha shi Clorinda ce mai suyar kifi.
Ta tofar da yawu gaban ƙafata ta ce,
"Da harajina ake biyanku, ni kuka hukunta."
Har yau maganar na maƙale a wuyana kamar ƙaya.
Mai masana'anta in an ajiye masa aiki, aljihunsa ke kuka.
Mu in mun ajiye, maƙwabta ne.

To amma Rigoberto fa?
Ranar ruwan Yuli santsi ya kwashe shi a tsakiyar matakala,
ƙugu ya karye, buhun shara a kansa.
Ofis suka rubuta wai ya sha giya,
mutumin da ko a bikin 'yarsa shayi ya riƙe.
Wata siririyar yarinya, lauyar ƙungiya,
wata goma sha huɗu tana hawa bene da fayil
har suka goge kalmar, suka biya.
Ba Anselmo ba ne, na sani.
Amma kuɗin kifin nan ne ya biya ta.

Na ce, Fabián, ranar da mota ta buge ka a bakin tashar jiragen ruwa,
wa ka kira?
Ya ce ya danna waya, waya ta ba shi haƙuri,
kashegari ta rage masa tauraro ɗaya.
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Hukuma ba ta da fuska, ɗana,
duk shekara huɗu riga take canzawa.
Sabo ya zo ya ce mun yi yawa,
zai ba kamfanin surukinsa sharar dutsen.
Ni kaɗai in je in ce masa me?
Tsinke ɗaya, sakace ake yi da shi.

A mataki na ƙarshe na duba tsintsiyata.
Maɗaurin ya ruɓe, tsinkaye na zubewa ɗai-ɗai.
Ban jefa ta a kwando ba.
Na zare igiyar takalmina na hagu,
na sake ɗaurewa, na ja da haƙori.

Ranar Alhamis akwai zaɓe a zauren ƙungiya.
Zan je da takalmi ɗaya a kwance.
Anselmo zai miƙo hannun nan mai laushi,
zan gaishe shi, ba gaba muke ba,
sannan in jefa wa Eliana direbar motar shara ƙuri'ata.
Fabián ya ce zai raka ni iya ƙofa.
Ba zai shiga ba, in ji shi,
sai dai in an yi ruwa.

Tun jiya hadari ke haɗuwa a kan teku.